Kwana Huɗu Bisa Duwatsun Alantika

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Da can ina ɗaukan wannan magana kamar sauran karin maganar da mu ke haddacewa sabo da jarrabawa, sai cikin hutun Kirsimetin da ya wuce tafiya ta buɗe mini wani ilmi wanda ban nema ba, ta kuwa buɗe shi da zafi. Abokaina biyu da muka tafi tare sun yarda in rubuta labarin, amma bisa sharaɗi guda, watau kada in ɓoye laifina. To, ga shi nan, ban ɓoye ba.

Ni mutumin Numan ne, inda Gongola ta haɗu da Binuwai. A makarantar mishan na yi karatu, mishan ɗin nan da mutanen Danmak suka kafa a garinmu cikin 1913. Mu mutanen kogi ne. Tun ina ƙarami na iya tuƙin kwalekwale da jefa birgi, amma hawan dutse ban san shi ba sai a littafi. Da na zo Jimeta koyon aikin malanta, in na fita shan iska da maraice na kan hangi Dutsen Bagale a hayin kogi, in na juya kudu kuma in ga duwatsun Verre sun yi shuɗi-shuɗi. Ran nan malaminmu na labarin ƙasa ya ce bayan waɗannan akwai waɗanda suka fi su, su ne duwatsun Alantika, a kan iyakarmu da Kamaru. Ya ce Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda a ƙasar nan a ke kira Abdulkarim, ya hange su sa'ad da ya zo Yola cikin watan Yuni na 1851, amma bai taka su ba, gama Lamiɗo Lawal bai bar shi ya daɗe a garin ba. Bayan yaƙin duniya na fari Ingilishi da Faransawa suka raba ƙasar da ta ke hannun Jamus, layin rabon ya bi ta kan duwatsun nan, ɓangarenmu kuwa bai zama Nijeriya sosai ba sai bayan ƙuri'ar 1961.

Mutanen Koma su ne mazauna bisa. Labarinsu ya cika jaridu cikin 1986, zamanin Jihar Gongola, har a ka riƙa cewa wai an gano su, sai ka ce da can ɓacewa suka yi. Zan faɗi gaskiya, ba son ilmi ya motsa ni ba. So na ke in ga mutanen da a ke cewa zamani ya bari a baya, in ɗauko hotunansu, in komo ina ba da labari a ɗakin kwana.

Mu uku muka shirya. Ɗaya Bafillace ne na cikin garin Yola, shi ne tafintanmu, domin a wajen nan Fillanci ya fi Hausa tafiya. Ɗayan Chamba ne na ƙasar Jada, kawunsa ya kan kai gishiri da atamfa kasuwannin gindin dutse. Ni kuwa, da ya ke na fi su maki a labarin ƙasa, na naɗa kaina shugaban tafiya, ba wanda ya zaɓe ni. Da muka je sallama da malaminmu sai ya ɗaga jakar goyona, ya ajiye, ya ce, "Ɗana, abin da ka ɗauka a ƙasa, bisa dutse ninkawa ya ke yi." Na ce, "To, Malam," amma ban rage ko allura ba. Muka auna a ma'aunin wani mai sayar da masara, tasu ko wace kilo 10, tawa 17. Su sun ɗauki garin rogo da ƙuli-ƙuli da dabino, da bargo, da gishiri da sabulu na tsaraba, da 'yan littattafan rubutu. Ni na ƙara da manyan littattafai uku, da taswira, da akwatin alli, da wando gogagge, wai don kada a raina malami.

Muka shiga mota a Jimeta, muka bi ta Ngurore da Mayo Belwa, muka kwana Jada gidan kawun abokinmu. Kashegari shi ya samo mana babura, muka nufi gabas, muna faɗawa rami muna fita, ƙura ta mai da mu kamar an tono mu, sai da la'asar muka isa wani ƙauye a gindin dutse. Muka tafi muka gai da Jauro, muka gaya masa abin da ya kawo mu. Ya dube mu ɗaya ɗaya, ya ce baƙo ko da ido makaho ne, ba zai bar mu mu hau mu kaɗai ba. Ya sa aka kira wani yaro wanda ya sauko cin kasuwa, zai koma gida da safe. Shekarunsa ba su wuce 14 ba, siriri, da takalmin taya da 'yar sanda da gora a kafaɗa. Yana jin harshensu da Fillanci. Na yi masa Hausa ya yi shiru, sai na ɗauka ba ya ji ko kaɗan. A raina na ce, wannan ɗan tatsitsin ne zai ja mu?

Da asuba abokinmu ya yi salla, mu biyu muka yi addu'a, muka kama hanya. Na ce hanya, amma ba hanya ba ce, tsakanin manyan duwatsu ne a ke ratsawa, wani wuri da ƙafa, wani wuri da hannu da gwiwa. Kafin hantsi igiyar jaka ta yanke mini kafaɗa, sabon takalmina ya fitar mini da bororo biyu, numfashina kamar zugazugin maƙeri. In na ɗaga kai na ga ƙololuwa na ce mun iso, sai mu hau mu tarar da wata a bayanta. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Yaron kuwa ba ya sauri, ba ya tsayawa, taki ɗaya ya ke yi tun safe.

Muna cikin haka muka gamu da mata suna saukowa da kaya, waɗansu da goyo. 'Yan matan da zane, amma wata tsohuwa da ganye ta yi ɗamara irin ta da, ga lofe a bakinta yana hayaƙi. Nan da nan na zaro waya zan ɗauki hoto. Tsohuwar ta tsaya, ta cire lofen, ta yi magana. Yaron ya juya wa abokinmu, abokinmu ya juya mini: "Wai Inna ta ce, a garinku in an ga mutum, gaisuwa a ke farawa ko kallo?" Matan suka fashe da dariya. Na mai da wayar aljihu, na rusuna na gaishe ta. Wannan shi ne darasi na fari, amma bai shiga ba tukuna.

Da azahar ruwanmu ya ƙare sarai. Yaron ya bar hanya ya gangara da mu wani kwazazzabo busasshe, ya wuce lanƙwasa ɗaya, ya wuce ta biyu, a ta uku inda wani ɓaure ya ke tsaye da ɗanyen ganye ya durƙusa ya tona rairayi da hannu. Bai kai kamu ɗaya ba sai ga ruwa yana tsattsafowa. Muka jira ya kwanta, muka tace da ƙyalle, muka sha. Na ce da abokaina ai na karanta wannan dabara. Bachamben ya ce, "Ka karanta ko a wace lanƙwasa ce?"

Da magariba muka kai unguwa ta fari, 'yan ɗakuna ne kewayayyu da jinka, rumbuna a ɗore bisa duwatsu, gonakin dawa ƙanana an tare su da jerin dutse don kada ruwan sama ya kwashe ƙasa. Aka ba mu ɗaki, aka kawo tuwon dawa. Aka miƙo burukutu, muka ce ba mu sha, ba wanda ya ji haushi, sai aka dama mana kunu. Muka ba maigidan gishiri da sabulu. Waya ta zama ba ta da amfani sai haska tocila. Sanyin daren nan kuwa ba a magana. A aji mun koya in an hau mita 1,000 zafi ya kan ragu da wajen digiri 6, amma jin abu a littafi daban, jinsa a haƙarƙari daban. Mu uku muka shiga bargo biyu, manyan littattafaina suka zama matashin kai, iyakar amfanin da suka yi ke nan a tafiyar duka.

Rana ta biyu ita ce dalilin wannan rubutu. Garin su yaron yana bayan wani dogon tudu. Da muka kai mararraba wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai ya nuna hagu, hanyar da ta bi gefen rafi cikin duwatsu. Na buɗe taswira na ga in muka miƙe ta dama, muka hau ta cikin ciyawa, za mu rage kusan rabin tafiya. Ƙafata tana ciwo, ba na son ƙarin taki ko ɗaya. Yaron ya girgiza kai, ya nuna can ƙasa inda wani siririn hayaƙi ya ke tashi, ya ce lokacin ƙunar daji ne, mafarauta suna sa wuta, iska kuwa daga can ta ke busowa. Na ce hayaƙin nan yana da nisa, kafin ya zo mun haye. Abokaina suka ce mu bi maganar ɗan gari. Na ce ni ne shugaba, ba yaron da bai san taswira ba zai koya mini hanya, na saɓa jaka na shiga ciyawa. Don kada su bar ni ni kaɗai suka biyo ni, yaron ma ya biyo. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Gamba ce busasshiya, ta fi mutum tsawo, ba ka ganin kome sai sama. Mun yi kamar rabin sa'a muna kutsawa sai na ga shaho da shirwa suna shawagi ƙasa-ƙasa a bayanmu. Sa'an nan toka ta fara sauka a kan rigata. Sa'an nan muka ji ƙara, fat-fat-fat, kamar a na ta harba bindiga daga nesa. Yaron ya yi tsalle bisa wani dutse, ya duba, ya yi ihu da Fillanci, "Yiite!" watau wuta.

Jama'a, na sha karanta yadda wuta ta ke ci, na ma koya wa yara a aji, amma ran nan duk ilmin ya gudu ya bar ni da ƙafafu. Na yar da jaka na zura a guje sama. Yaron ya sha gabana, ya riƙe mini riga, ya ce a gaya mini wuta ta fi mutum saurin hawan tudu, wanda ya gudu sama ita za ta cim masa. Ya karɓi ashana daga hannun Bachamben, ya durƙusa, ya ƙyasta, ya sa wa ciyawar da ke gabanmu. Ni kuwa da na ga wuta a baya, ga shi yana kunna wata a gaba, sai hankalina ya tashi. Na bangaje shi da ƙarfi, na ce, "Kai wawa, kashe mu za ka yi?" Ya faɗi da hannun dama cikin wutar da ya kunna. Bai ko dube ni ba. Ya tashi ya finciki damin ciyawa mai ci, ya bi da shi dama da hagu yana faɗaɗa wutar, abokaina biyu suka danne ni.

Iska ta kwashi wutarsa ta yi sama da ita, ta bar baƙin fili mai faɗi kamar filin ƙwallon yara. Ya kora mu ciki, ƙasa tana hayaƙi, ƙasan takalmina yana laushi don zafi. Ya kai mu tsakiya bayan wani dutse, ya tsiyaye ruwan gorarsa a rigunanmu, ya ce mu rufe hanci mu kwanta rubda ciki. Babbar wutar ta iso da ruri. Zafi ya doke mu a baya, hayaƙi ya rufe rana, na ji Bafillacen yana salati, ni ma ina kiran sunan Ubangiji, ban san sa'ad da muka riƙe hannun juna ba. Da ta zo bakin filin ba ta sami abin ci ba, sai ta rabu biyu, ta wuce ta dama da hagu. Ba a fi minti biyar ba, amma na tsufa a cikinsu.

Muka tashi baƙi ƙirin, muna tari. Na waiwaya inda na yar da jakata, sai tulin toka da ƙarfen zik. Littattafai uku, da taswira, da wando gogagge, duk sun tafi. Da na miƙe da guduna, da haka za a tarar da ni. Hannun yaron kuwa daga wuyan hannu zuwa gwiwa ya saɓule. Muka zuba masa sauran ruwanmu, muka ɗaure da ƙyalle mai tsabta, ya wuce gaba, muka bi shi ba mai cewa uffan.

Da almuru muka shiga garinsu. Kakarsa ta wanke ƙunar da ruwan sanyi, ta shafa zuma. Mutane suka taru a bakin wuta, yaron yana ba su labari da harshensu, yana kwatanta guduna, suna dariya. Ba na jin kome cikin maganar, sai kwaram na ji kalma ɗaya da na sani ta fito daga bakinsa: wawa. Gabana ya faɗi. Na ce da tafinta ya tambaye shi, ashe yana jin Hausa? Yaron ya amsa da kansa, da Hausa tsinto-tsinto, ya ce, "Kaɗan, Malam. Wannan dai na sani. In mun sauka kasuwa, ita a ke fara gaya mana."

Ban taɓa jin kunya irin ta daren nan ba. Mu ma kakanninmu an kira su da sunayen raini, na kuwa san zafin abin tun ina yaro, ga shi na hau dutse na yi wa wani. Na tashi na je gaban uban yaron na durƙusa, na ce, "Baba, ni na kai su cikin ciyawa, ni na ture ɗanka cikin wuta, na kuma zage shi. Ku gafarta mini." Aka juya masa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce maganar ta ƙone tare da ciyawa, in ruwa ya sauka sabuwa za ta tsiro, in tashi in ci tuwo. A kan ce ma'anar sunan Alantika wai inda Allah bai kai ba. Da muka kwanta Bafillacen ya ce mini, "Wanda ya sa wa duwatsun nan suna bai taɓa kwana a kansu ba." Na ce lalle haka ne.

Rana ta uku muka huta, domin ƙafata ta kumbura. Akwai wata rumfa kusa da 'yar majami'arsu inda mai bishara ya kan tara yara kamar 20 yana koya musu karatu. Ya roƙe mu mu taimaka. Allina ya tafi tare da jaka, sai muka tsinci gawayi, wani faffaɗan dutse ya zama allo. Na tsaya gabansu ba littafi, ba shirin darasi, na rasa ta inda zan fara. Sai na tambaye su, don me wuta ta ke saurin hawan tudu, ta kan yi nawa wajen gangara? Kai, sai ga hannuwa sama! Wata yarinya ta ce harshen wuta sama ya ke kallo, yana gasa ciyawar da ke bisansa tun bai kai gare ta ba. Abin da littafina ya cika shafi yana faɗi ke nan. Daga wuta muka shiga iska, daga iska muka shiga gabas da yamma, muka zana taswirar garinsu a kan dutse, su suna faɗin inda rafi ya ke da inda rumbuna su ke, ni ina rubuta sunayen. Har rana ta take ba wanda ya yi hamma. Sau nawa malamanmu suka gaya mana a fara da abin da yaro ya sani, a kai shi ga abin da bai sani ba? Na rubuta wannan a jarrabawa na ci maki, amma sai ran nan na gane shi.

Jagoranmu yana zaune a gefe da hannu a ɗaure. Shekara biyu ya yi a rumfar nan aka cire shi domin kiwon awaki. Da yara suka watse ya matso ya ce in rubuta masa sunansa. Na rubuta. Ya ɗauki gawayi da hannun hagu, ya kwaikwaya, harufan suna karkacewa, ya goge ya sake, har sau bakwai. Muka bar masa littafin rubutu biyu da fensir.

Rana ta huɗu muka sauko ta hanyar rafi, wadda na ƙi da fari. Wansa ne ya raka mu, shi kuwa ya tsaya bisa wani dutse yana ɗaga mana hannun hagu har muka sha kwana. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, amma ni ba ni da kaya, sai na karɓi jakar abokaina muna yi bi da bi. Kwana biyu bayan haka muna Jimeta.

Wanda ya ke so ya je, ga shawarata. Ya fara gai da masu ƙasa ya nemi izini. Ya rage kaya, ya sa tsohon takalmi, ya riƙe ruwa da gishiri. Ya yi gaisuwa kafin ya taɓa waya. In rani ne ya nisanci doguwar ciyawa. In jagora ya ce hagu, to, hagu.

Amma babbar maganata gare ku ce, 'yan'uwana masu koyon malanta. Sa'ad da na yi gwajin koyarwa a wata firamare a nan Jimeta, kalmar nan wawa ba ta da wuya a bakina. Yaro ya kasa haɗa lissafi, wawa. Ya yi shiru don Turanci ya fi ƙarfinsa, wawa. Ban taɓa tambayar kaina abin da yaron ya sani wanda ni ban sani ba. Gobe za a rarraba mu ƙauyuka, za a ba mu 'ya'yan manoma da makiyaya da masunta, ko wane da ilmin da ya zo da shi daga gida. In mun raina shi, sun rufe mana ƙofa, mu kuwa mu ce ba su da kai.

Da ina cikin masu addu'a kada a kai su ƙauye. Yanzu na daina. Ba na cika baki cewa zan ƙare kwanakina bisa dutse, gama na ga wuyar wurin da idona, amma mu uku mun yi alkawari za mu koma da hutun Ista da alli da littattafan karatu na fari. Akwai wani mai tabo a hannun dama wanda na ke bin sa harufa, shi kuwa yana bina rai. Allah ya ba mu ikon cikawa, amin.